Ƙaramin obin na lantarki a kicin ɗin Dutse: wat nawa, lita nawa, naira nawa?

A bayan kowane ƙaramin obin na lantarki akwai wata 'yar takarda mai ruwan azurfa da aka liƙa kusa da inda waya ta fito. Ba ta kai faɗin tafin hannu ba, kuma da wuya mai saye ya juya obin ɗin ya dube ta, domin idonsa na kan gilashin ƙofa da sheƙin ƙarfe da farashi. A jikinta an rubuta 220 zuwa 240, wato ƙarfin wutar da yake buƙata a ma'aunin bolt, sai wata lamba kamar 1,200 ko 1,500 ko 2,000 da harafin W a gabanta, wato wat. A jikin kwali kuma ga girman cikinsa, lita 19 ko 28 ko 45. Waɗannan lambobi su ne za su faɗa wa uwargida a Takur ko Gida Dubu ko Danmasara ko obin ɗin zai yi mata aiki, ko kuwa zai ƙare a saman kabad an lulluɓe shi da ƙyalle.

Abin da lissafi ya nuna mini shi ne, kuɗin wutar da ƙaramin obin yake sha bai kai yadda ake jin tsoro ba. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne sayen wanda ya fi ƙarfin irin wutar da ke gidan. Bari mu bi lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Yunit ɗaya da mita ke cirewa shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Obin mai wat 1,500 idan ya yi minti 40 yana ci ba tsayawa, ya sha yunit ɗaya cif. Amma ba haka yake aiki ba. A cikinsa akwai abin da ke lura da zafi, da zarar ya kai digirin da aka saita sai ya yanke wuta, in ya ɗan huce ya sake kunnawa. Wanda ya tsaya kusa zai ji ɗan ƙaran nan, ƙas, ya ga sandunan ciki sun yi ja sun dushe sun sake yin ja. Saboda haka kek ɗin da ya yi minti 40, har da ɗumama obin na farko, yakan tashi a wajen kashi bakwai cikin goma na yunit. Wannan lambar, 0.7, ita za mu riƙe.

Jigawa tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, tare da Kano da Katsina, kuma kamar ko'ina a ƙasar an kasa masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da aka yi musu alkawari a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga farashin rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, aka sauke shi zuwa naira 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma naira 209.50 a watan Yuli. Sauran rukunan ba a taɓa su a wannan ƙarin ba. Idan aka ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kan naira 209.50, yunit ya zama naira 225 ke nan. Kek ɗinmu na 0.7 ya ci wutar naira 158. Ga gidan da ke biyan kusa da tsohon farashi, naira 73 da haraji, wutar kek ɗin naira 51 ce. Ko da uwargida za ta kunna obin sau uku a mako, a wata wajen yunit tara za ta ci, wato kimanin naira 2,000 a farashi mafi tsada, ƙasa da naira 700 a mai sauƙin. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana iya shan yunit biyar zuwa bakwai a dare guda. Maigidan da ya hana sayen obin don gudun kuɗin wuta alhali yana kwana da na'urar a kunne, ya kamata ya sake duba lissafinsa.

Farashin nan yana canzawa, don haka kowa ya fitar da nasa. Hanyar mai sauƙi ce ga mai mitar kati: a duba rasit ɗin sayen wuta na ƙarshe, a raba kuɗin da aka biya da yawan yunit da aka samu. Abin da ya fito shi ne farashin gidan na gaskiya, a ninka shi da 0.7. Gidajen da ba su da mita, waɗanda a faɗin ƙasar sun kai wajen rabin masu hulɗa da kamfanonin wuta, ba su da wannan damar, tunda kuɗin ƙiyasi ake kawo musu.

Fa'idar ƙaramin obin ta farko daga ƙanƙantarsa take. Babban obin da ke ƙarƙashin kukar girki cikinsa yakan kai lita 60 ko fiye, kuma kafin a sa komai sai an ɗumama wannan fili duka da ƙarfen da ya kewaye shi, minti 10 zuwa 15. Mai lita 25 yana ɗaukar zafi cikin minti biyar zuwa bakwai. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana shawartar mutanenta cewa don ƙaramin gashi, irin wannan obin yana cin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin wutar da babban yake ci. Can ma dai aka fara yayinsa, kamfanin General Electric ya fito da nasa a 1956. A wurinmu akwai ƙarin riba da su ba su cika lissafawa ba. Duk zafin da obin ya samar a cikin kicin yake ƙarewa, kuma a watan Afrilu da zafin Dutse ke kaiwa digiri 40, bambanci tsakanin yunit 0.7 na ƙaramin obin da yunit biyu na babban a ɗan ƙaramin kicin mai taga ɗaya abu ne da jikin mai girki ke ji.

To gas fa? Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki. A ƙarshen 2024, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cika tukunya mai kilo 12.5 ya haura naira 16,000, wato kilo ya kama naira 1,300 ko sama. Yunit ɗaya na zafin gas ya zo a naira 100 ke nan, ƙasa da rabin farashin rukunin A. Sai dai obin ɗin gas babba ne, kuma dole ya bar iska ta shiga ta fita, tana fita da zafi. Mai ƙarfin wat 2,500 idan aka buɗe shi sosai yana ƙona kusan giram 195 a awa, naira 250 a wancan farashin. In an rage wutar bayan ya yi zafi, kek guda zai tashi a wajen naira 150 zuwa 200. Wato a kan kek ɗaya, gas da ƙaramin obin a rukunin A kusan kunnen doki suke yi, a sauran rukunai kuma lantarki ya fi arha nesa ba kusa ba. Inda gas ya yi zarra shi ne idan za a cika babban obin da tire uku a lokaci ɗaya, da kuma abu guda da ya fi komai: ba a ɗauke shi ana tsakiyar aiki.

Nan ne lissafin ya fi nauyi, kuma nan ne masu saye suka fi yin sakaci. A ce kayan haɗin kek, fulawa da sukari da bota da ƙwai da madara, sun ci naira 6,000. Wutar da za ta gasa shi naira 158 ce, bai kai kashi uku cikin 100 na kuɗin kayan ba. Amma idan aka ɗauke wuta a minti na goma sha biyar, lokacin da ƙullun ya kumbura bai riga ya kama jikinsa ba, tsakiyarsa zai faɗa, kuma ko an dawo da wutar bayan rabin awa ba zai sake tashi ba. Asarar kek ɗaya ta yi daidai da kuɗin wutar kek 38. Saboda haka tambayar da ta fi "nawa yake ci" muhimmanci ita ce, in na kunna, wutar za ta kai ni minti 45 ɗin nan? Awannin rukunai suna ba da ɗan haske: 20 cikin 24 kashi 83 ne cikin 100, awa 16 kashi 67, awa 12 rabi, awa 8 kashi 33, awa 4 kashi 17. Waɗannan alkawari ne a takarda, kuma akwai abin da ya fi ƙarfin kowane rukuni. A 2024 babban layin wutar ƙasa ya durƙushe kusan sau goma sha biyu, sannan a watan Oktoban shekarar yawancin jihohin Arewa, har da Jigawa, sun yi fiye da mako guda a duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Makurdi zuwa Jos shi ma ya samu matsala.

Abin da ya fi adadin awanni amfani ga mai gashi shi ne tsarinsu. Unguwar da ake kawo wa wuta awa takwas a jere, daga tsakar dare zuwa safiya, kusan kullum, ta fi wadda ke samun awa goma sha biyu a guntu-guntu. Matan da ke sana'ar kek sun san wannan tun kafin a rubuta, shi ya sa wasu ke kwaɓa ƙullu bayan sallar asuba, ko su jira dare ya raba. A nan ma ƙaramin obin yana da ribarsa, tunda saurin ɗaukar zafinsa na rage 'yan mintuna daga lokacin da ake cikin fargaba. Kuma hikima ce a zaɓi abin da ke saurin nuna. Ƙananan kek na kofi minti 18 zuwa 20 suke yi, biskit 12 zuwa 15, alhali babban kek mai kauri yana iya kai awa guda.

Wata matsalar ita ce a kawo wutar amma ta zo ba ƙarfi, irin wadda ƙwan lantarki ke yin ja, fanka na juyawa da ƙyar. Zafin obin ba ya raguwa daidai da raguwar wutar, ya fi haka faɗuwa, domin ana ninka bolt ɗin ne da kansa. Obin mai wat 1,500 da aka ƙera don bolt 230, idan wutar gida ta sauka zuwa 200 zai ba da wat 1,134. A 180 zai ba da 919. A 160 kuwa wat 726 kacal, ƙasa da rabi. Sandunan ba za su lalace ba, amma ba za su yi ja sosai ba, obin ɗin zai yi ta fama bai kai digiri 180 ba, kek ya bushe ta waje bai tashi ba. Mata da yawa suna ɗora laifin a kan obin ko a kan fulawa, alhali wutar layin ce. Wanda zai magance wannan da sitabilaiza kada ya jona shi a na firij mai lamba 1,000, ya yi masa kaɗan. Ana buƙatar mai 3,000 ko sama, domin shi ma ƙarfinsa na raguwa idan wutar da ke shigarsa ta yi ƙasa, kuma kuɗinsa ya kamata a haɗa da na obin tun a lissafin farko.

Da an ɗauke wuta sai tunani ya koma kan janareta. Ƙaramin injin nan na masu cajin waya da masu aski, wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ƙarfinsa tsakanin wat 650 ne da 950, ba zai ja obin mai 1,200 ba balle 1,500. Janareta mai lamba 2.5 a aikace wat 2,000 ne ko kusa da haka, zai ja mai 1,500 muddin an kashe firij da dutsen guga da famfon ruwa. Kuɗin fa? Litar fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai yunit tara, amma ƙaramin janareta ɗan kaɗan yake mayarwa lantarki, sauran ya tafi a zafi da hayaƙi da ƙara, lita ɗaya takan ba da wajen yunit ɗaya da rabi. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. A watan Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, kuma tun daga nan take hawa da sauka. A naira 1,000, yunit ɗin janareta ya kama naira 670, ninki uku na rukunin A, ninki tara na tsohon farashi. Kuma injin na ci gaba da shan mai ko a lokacin da obin ya yanke wuta don kansa, saboda haka kek na minti 45 zai lashe kusan kashi uku cikin huɗu na lita. Don ceto kek ɗin da ya riga ya shiga obin, naira 750 a kan asarar 6,000 ciniki ne mai kyau. Amma wadda za ta kafa sana'a a kan janareta, gara ta tara kuɗin ta sayi obin ɗin gas.

Sola kuwa sai an yi hattara. Batir mai lamba 200 na bolt 12 yana riƙe da yunit 2.4, amma irin na dalma ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, saura 1.2, inbata kuma ta cinye kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Kek ɗaya da daddare zai kwashe fiye da rabin abin da ake iya ɗiba daga batir guda, kuma jan wat 1,500 daga bolt 12 yana nufin amfiya 125 ko fiye, abin da ke tsufar da batir da wuri. Da rana tsaka labarin daban ne. Jigawa na cikin yankunan da suka fi samun hasken rana a ƙasar nan, kuma gidan da ke da fanel na wat 2,000 da inbata mai ƙarfi zai iya gashi tsakanin hantsi da azahar kai tsaye daga rana, batir na taimakawa kaɗan. Ga irin wannan gida, obin mai wat 1,000 zuwa 1,200 shi ne daidai, ko da zai ɗan fi jinkiri.

Batun girma. A kasuwa, ko a Dutse ko a Sabon Garin Kano inda da yawa ke zuwa sayen kayan aure, za a tarar da sunaye irin su Binatone da Century da Scanfrost da Qasa, kuma girman da wat ɗin suna tafiya tare. Mai lita 9 ko 10 yakan zo da wat 650 zuwa 800, aikinsa gasa yankan burodi da ɗumama abin da ya huce, ba ya ɗaukar gwangwanin kek na kirki. Mai lita 18 zuwa 21 yana tsakanin 1,200 da 1,400. Mai 25 zuwa 30 yana wajen 1,500 ko 1,600, kuma a ganina shi ne ya fi dacewa da yawancin gidaje, domin yana ɗaukar kaza guda mai kilo ɗaya da rabi, ko gwangwani mai faɗin inci 9 ko 10. Daga lita 45 zuwa 60 an shiga wat 2,000 da ɗoriya, kuma a nan fa'idar ƙanƙantar ta fara gushewa. Lita ma ba ta faɗin komai a kan faɗi, wani obin tsawo gare shi, wani zurfi. Gwangwani mai inci 10 santimita 25 ne, yana kuma buƙatar ratar yatsa biyu ta kowane gefe don zafi ya zagaya. Wadda za ta saya ta sa gwangwaninta a jaka ta tafi da shi, ta zura shi ciki ta rufe ƙofar ta gani.

Irin hirar da ake yi a shagon kayan kicin lokacin haɗa kayan ɗakin amarya sananniya ce.

"Hajiya, ɗauki babban nan ki huta, ranar jere kowa sai ya tanka."

"To Alhaji, unguwar da za a kai ta fa wutarsu ba ta da ƙarfi."

"Ai Hajiya ana gyarawa, kuma angon ba zai rasa inji ba."

Hajiya ce ke da gaskiya, kuma ina fata ta tsaya a kan maganarta. Uwa tana so a ga ta fitar da 'yarta kunya, wannan abin a yaba ne. Amma amarya da ango mutum biyu ne, a gidan haya mai yiwuwa, da wayoyin da ba su san wanda ya ja su ba. Mai lita 21 ko 28 da za ta kunna kowane mako ya fi mata mai lita 60 da zai riƙa kashe musu inji. Rarar kuɗin a saya mata gwangwanaye masu kyau da ma'aunin zafi na cikin obin, ɗan ƙaramin agogon nan da ake ratayawa a jikin ragar ciki, domin lambar da ke jikin maɓallin ƙananan obin sau da yawa takan saɓa da zafin da ke ciki da digiri 10 ko 20.

Soket ɗinmu mai ƙafa uku an yi shi ne don amfiya 13, wanda a bolt 230 ya kama wat 2,990. Obin mai 1,500 yana jan amfiya 6.5, mai 2,000 yana jan 8.7, duk suna cikin iyaka idan soket ɗin bango ne da aka ja da wayar tagulla mai kauri 2.5. Haɗarin yana wajen doguwar waya mai ramuka da yawa, mai arha, wadda tagullar cikinta ba ta fi 'yan silalla ba. A jona mata obin da butar lantarki mai wat 2,000 a lokaci guda, an kai wat 3,500, amfiya 15, roba ta fara wari. Obin soket ɗinsa shi kaɗai, a bango, kuma idan aka taɓa filogin bayan minti 20 aka ji ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a kira mai gyaran wuta kafin a sake kunnawa. Jikin obin ɗin ma yana zafi sosai, saman da gefe, don haka a bar masa ratar santimita 10 daga bango da labule, kada a ɗora masa leda ko robar abinci, kuma a ajiye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Kayan gwanjo na da nasu tarkon. Wanda ya fito daga Ingila ko sauran ƙasashen Turai ko Dubai wutarsa irin tamu ce. Na Amurka da Kanada an yi shi ne don bolt 120, kuma idan aka jona shi a 230 zafinsa zai ninka sau uku da rabi da ɗoriya, mai wat 1,500 ya nemi ya zama 5,500, ya ƙone nan take. Alamarsa filogi mai siraran ƙafafu, da lambobin zafi da suka kai 450, domin nasu ma'aunin Faranhait ne, inda 350 take daidai da digiri 177 a namu. Na'urar rage wuta da za ta ɗauki wannan nauyin tana iya fin obin ɗin tsada.

Tsakanin mai maɓallan murɗawa da mai allon lambobi, ga wutarmu na fi natsuwa da na murɗawa. Mai allo yana mance saitinsa da an ɗauke wuta, kuma idan ta dawo da ƙarfi allon ne ke fara ƙonewa, gyaransa kuma ba kowane mai gyara ke iyawa ba. Na murɗawa sandar zafi ce da abin lura da zafi da agogo mai zare, duk ana samun madadinsu. Sai dai a san halinsa guda biyu. Agogon nasa ba da wuta yake tafiya ba, don haka ko an ɗauke wuta zai ci gaba da ƙirga har ya buga ƙararrawa, uwargida tana ɗaki ta ɗauka kek ya nuna. Na biyu ya fi haɗari: akwai wurin da ake murɗa shi ya zauna a kunne ba iyaka. Idan aka bar shi a nan aka ɗauke wuta, aka fita unguwa, wutar ta dawo ba kowa a gida, obin zai ci gaba da ƙona abin da ke cikinsa. Da an ɗauke wuta a zare filogi. Fankar ciki kuwa, ga wanda ya samu mai ita, ta cancanci ƙarin kuɗinta, tana zagaya zafin, tana ba da damar rage digiri 15 zuwa 20, tana kuma iya rage lokacin gashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙarfen juya kaza ba dole ba ne, da yawa ba sa amfani da shi bayan makon farko. Tiren ƙasa da ake zarowa a wanke ya fi shi amfani, tunda maiƙon da ya taru a nan ne ke kamawa da wuta.

Me zai gasa mana? Kek a digiri 170 zuwa 180, har da wanda ake zaƙaƙa shi da dabinon Dutse a rage sukari. Kaza a 190 zuwa 200, har sai tsokar cinya ta kai digiri 74 a ciki, ruwan da ke fita ya daina ja. Kifin Haɗeja, dankali, burodin alkamar da manoman jihar ke nomawa da rani. Gyaɗa tana soyuwa cikin minti 15 zuwa 20 ba yashi ba hayaƙi, riɗin kantu cikin minti goma in ana motsawa. Tsiren da ya kwana yana dawowa da ɗanɗanonsa cikin minti biyar, bai jiƙe ba. Gurasa za ta yi, amma yawancin waɗannan obin iyakarsu digiri 230 zuwa 250, tanderun ƙasa kuwa ya wuce haka da nisa, saboda haka kada a sa ran ƙamshin nan da ɗan baƙin gefen na gurasar tanderu. Busar da dabino ko tumatir ko zoɓo a cikinsa ɓarnar wuta ce, aikin awanni ne da rana ke yi mana kyauta.

Ga mai son ta juya shi ya zama jari, lissafin gajere ne. Tire mai ɗaukar ƙananan kek 12 yana yin minti 20, wajen yunit 0.4, naira 90 a rukunin A, ƙasa da naira 8 a kan kowane guda. A ce obin ya ci naira 60,000, ribar kowane kek kuma naira 50 bayan an cire komai, tire ɗaya naira 600 ke nan, tire 100 ya mayar da kuɗin. Mai yin tire biyu a rana tana kai wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ma'aikatan sakatariya, cikin wata biyu ta fanshe. Kowa ya sa nasa farashin a gurbin waɗannan. Idan oda ta wuce tire biyar ko shida a rana, ƙaramin obin ya zama cikas, lokacin babba ya yi.

Akwai iyakar da bai kamata a ɓoye ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya sa sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen Jigawa cikin masu fama da rashi ta fuskoki da dama, ciki har da abin da ake girki da shi. A ƙauyukan Kiyawa da Jahun da Miga da Buji itace da kara ne ke dafa tuwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Ƙaramin obin ba ya tuƙa tuwo, ba ya dafa wake ko shinkafa, waɗanda su ne ke cin itacen, don haka duk wanda ya tallata shi a matsayin maganin wannan masifa ya yi ƙari. Abin da yake iya maye gurbinsa ƙarami ne amma na gaske: tukunyar da ake zuba wa yashi a ƙasa, a ɗora gwangwani, a rufe a zuba garwashi a kan murfi, mai gashin na tsugune tana fifita tana shaƙar hayaƙi, tana buɗewa lokaci-lokaci don ba ta da hanyar sanin zafin ciki. Kowane kilo na gawayin da aka ƙona ta gargajiya ya ci kilo biyar zuwa goma na itace, a jihar da ke dashen bishiyoyi don tare hamada. Gidan cikin gari da ke da mita da wuta mai ɗan tsari, idan ya mayar da wannan gashin zuwa obin mai lita 25, ya rage gawayi, ya rage hayaƙi, kuma kek ɗinsa zai riƙa fitowa iri ɗaya yau da gobe.